Yini Guda a Hendon, Inda Tsofaffin Jiragen Yaƙi Suke Hutawa

A arewa maso yammacin birnin Landan akwai wata unguwa da ake kira Colindale, wadda ba ta da abin da zai ja hankalin baƙo in ban da sababbin benaye na haya, da kantuna, da tituna masu kama da juna. Mutum zai iya sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tasharta, ya taka da ƙafa na kusan minti goma sha biyar, ba tare da ya ga alamar cewa ƙasar da yake takawa ta taɓa zama filin jirgin sama mafi suna a Ingila ba. A nan ne wani matuƙi kuma ɗan kasuwa mai suna Claude Grahame-White ya kafa filin Hendon da masana'antarsa ta ƙera jirage, kuma daga nan ne aka ɗauki wasiƙun farko da gidan waya na Birtaniya ya aika ta sama, zuwa garin Windsor, a watan Satumba na 1911. Filin ya daɗe da mutuwa, gidaje sun cinye shi. Abin da ya tsira shi ne wani gefe da aka killace, inda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe gidan tarihin Rundunar Sojan Sama ta Birtaniya a watan Nuwamba na 1972. Ba a biyan ko sisi wajen shiga.

Wani taron malaman jami'a ne ya kai ni Ingila, kwana guda kuma ya rage mini kafin jirgin komawa gida. Abokan tafiya suka nufi kasuwa neman tsaraba, ni kuwa na nufi Hendon, domin na ji labarin cewa akwai wani jirgi a can wanda irinsa ne ya fara sauka a Kano.

Ginin kansa abin kallo ne. Tsakiyarsa wasu manyan rumfunan ajiye jirage ne guda biyu na zamanin Yaƙin Duniya na Farko, waɗanda aka yi wa rufi da saƙar katako, sanda kan sanda, har ya ƙetare wannan faɗi ba tare da ginshiƙai sun tsaya a hanyar fukafukai ba. Duk kafintan da ya ɗaga kai ya ga wannan aiki zai jinjina. Da ka shiga, wari ne yake fara tarbarka, warin tsohon man inji da roba da fenti, irin wanda kake ji a garejin tsohon bakanike mai tsafta. Sai kuma shiru, wanda ba ka tsammaninsa a wurin da aka tara abubuwan da aka san su da ruri. Lokaci zuwa lokaci ayarin 'yan firamare yakan wuce da malamarsu, su cika wurin da hayaniya, su ɓace. Waɗanda suke zama su ne tsofaffin 'yan sa-kai masu yi wa baƙi bayani, wasunsu tsofaffin kanikawan rundunar, waɗanda in ka yi musu tambaya ɗaya sai ka nemi wurin zama.

Jirgin da na zo dominsa sunansa DH.9A, ƙirar Geoffrey de Havilland, kuma wanda bai taɓa ganin jirgin wancan zamani da idonsa ba zai yi mamakin yadda yake. Fuffuke biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, faɗinsu kimanin mita 14, an haɗa su da sanduna na katako, an ɗaure su da wayoyi da suka sarƙe kamar igiyoyin saƙa. Ƙashin jikinsa katako ne, fatarsa kuwa galibi yadin lilin ne da aka ja ya yi tsam, aka shafe shi da wani irin ruwan danƙo har ya ƙame kamar fatar ganga. Kujeru biyu ne, duka a buɗe, babu rufi: matuƙi a gaba, mai bindiga a baya, iska da sanyi da ƙura duk a fuskarsu. A hancinsa akwai injin Liberty ƙirar Amurka, mai silinda goma sha biyu da ƙarfin doki 400, wanda yake juya farfelar katako da aka sassaƙa aka goge har tana ƙyalli. Gudunsa bai kai kilomita 200 a awa ba. Idan ka dube shi da kyau, babu abin da aka ɓoye maka. Kana ganin wayar da ta taso daga sandar matuƙi ta bi gefen jirgi har zuwa wutsiya, ka kuma gane cewa in ya ja sandar nan baya, wancan ɓangare na wutsiya zai ɗaga, hanci kuma ya dubi sama. Wannan shi ne babban daɗin kallon tsohon jirgi a wurina. Jirgin zamani akwati ne rufaffe, kwamfuta ce take sasanta tsakanin hannun matuƙi da fuffuke. Wannan kuwa ɗalibin sakandare zai iya tsayawa a gabansa ya fahimci dalilin tashinsa cikin rabin awa.

Shi wannan da yake Hendon, mai lamba F1010, yana da nasa labarin mai ban mamaki. Yana cikin jirage goma sha takwas da Nizam na Hyderabad, wani hamshaƙin sarki Musulmi a Indiya, ya biya kuɗinsu ya ba Birtaniya a 1918, sunan mai kyautar kuma yana nan rubuce a jikinsa. Shi ne na goma sha uku a jerin, amma saboda camfin Turawa game da wannan adadi sai aka rubuta masa 12A. Camfin bai hana ƙaddara ba. A watan Oktoba na 1918, saura makonni kaɗan a gama yaƙi, ya faɗa hannun Jamusawa. Suka ajiye shi a gidan tarihinsu na Berlin. Da yaƙi na biyu ya yi zafi aka kwashe kayan gidan zuwa gabas, gangar jikinsa ta ƙare a birnin Krakow na ƙasar Poland, sai a 1977 Ingila ta karɓo shi ta hanyar musaya da wani jirgin Spitfire. Fukafukan da ake gani yanzu masu gyara ne suka sake ƙera su. Wato jirgin da bai yi wata uku a fagen daga ba ya shafe kusan shekara sittin a hannun baƙi kafin ya koma gida.

Irin wannan jirgi guda uku ne suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, a ranar 27 ga Oktoba, 1925, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka bi Kogin Nilu zuwa Hartum, suka juya yamma ta El Obeid da Fashir, suka ƙetare Wadai zuwa Fallomi, wato N'Djamena ta yau, suka shigo ta Maiduguri, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, a filin da Turawa suke wasan dawaki, zamanin Sarki Usman na Biyu. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. Mai karatu da ya san tarihin aikin Hajji zai gane sunayen nan, domin wannan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi a ƙafa da kan jaki da raƙumi, suna yin shekara ko shekaru kafin su ga Bahar Maliya, wasu ma su zauna a Sudan har abada. Abin da alhazan ƙasa suke ci cikin shekaru, waɗannan katako da lilin sun cinye shi cikin kwana shida, ta fuskar da ta saba wa tasu. Na daɗe tsaye a gaban F1010 ina ƙoƙarin kwatanta abin da mutumin Fagge ko na Ƙofar Nasarawa ya ji a ransa a wannan rana, shi da bai daɗe da sabawa da jirgin ƙasa ba, wanda ya iso Kano shekara goma sha huɗu kacal kafin nan.

Sai dai bai kamata sha'awa ta rufe wa mutum ido ba. Ba yawon buɗe ido ya kawo waɗannan jirage Afirka ba. A shekarun da suka biyo bayan yaƙin farko, Rundunar Sojan Sama ta Birtaniya tana fuskantar barazanar a rushe ta a mayar da jiragenta ga sojan ƙasa da na ruwa, sai ta kare kanta da hujjar cewa za ta iya riƙe wa daular ƙasashen da ta mallaka da araha: maimakon a tura bataliya ta yi wata da watanni tana tafiya, a tura jirage su yi ruwan bama-bamai a kan ƙauyen da ya ƙi biyan haraji. Tun 1916 jirgin Birtaniya ya jefa bam a kan mayaƙan Sarkin Darfur Ali Dinar a kusa da Fashir. A farkon 1920 jiragen dangin DH.9 suka rushe ganuwoyin Sayyid Muhammad Abdullahi Hasan a ƙasar Somaliya, suka kawo ƙarshen gwagwarmayar da ta shafe shekara ashirin tana gagarar Turawa. Daga nan aka mayar da abin tsarin mulki a Iraƙi da kan iyakar Indiya da Afganistan, kuma DH.9A shi ne jakin wannan aiki har zuwa 1931. A nan filin Hendon ɗin ma, a bikin nuna bajinta da rundunar take yi kowace shekara daga 1920 zuwa 1937, akwai shekarun da aka rufe taro da wasan kwaikwayo: a gina ganuwar kwali ta wata ƙabilar hamada ta ƙage, jirage su zo su tarwatsa ta, dubban 'yan kallo su tafa. Don haka tafiyar 1925 gwajin hanya ce, kuma nuni ne ga talakawan daula cewa hannun mai mulki ya ƙara tsawo.

Amfanin wannan gwaji ya bayyana bayan shekara goma sha biyar, kuma labarinsa yana cikin rumfar da ke gaba, inda jiragen Yaƙin Duniya na Biyu suke. Kowa Spitfire yake rugawa ya gani, kuma ba na ganin laifin kowa. R. J. Mitchell, wanda ya zana shi, ya rasu a 1937 yana da shekara 42, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan tashin jirgin na farko, bai ga abin da ya zama ba. Fuffukensa sirara ne, mai lanƙwasa kamar ganyen mangwaro, kuma wannan siffa ba don ado aka yi ta ba: ita ce ta ba shi damar ɗaukar bindigogi takwas da tayoyi a cikin fuffuke mai kauri kaɗan, ta kuma rage jan iska. Kyan nasa ya fito ne daga lissafi. Amma ni zuciyata ta fi karkata ga maƙwabcinsa, Hurricane na Sydney Camm, mai ɗan doro da kaurin jiki, wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Shi ne ya kakkaɓo mafi yawan jiragen Jamus a gumurzun sararin samaniyar Birtaniya na 1940. Ƙirarsa ta tsohon yayi ce, bututun ƙarfe da aka lulluɓe bayansa da ƙyalle, saboda haka harsashi yakan ratsa shi ya wuce, a kuma liƙe ramin kafin gari ya waye. Irin wannan jirgi ne ake iya warwarewa a zuba a akwati, a kuma ɗaure shi a wurin da babu masana'anta.

Abin da aka yi ke nan. Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni na 1940, Faransa kuma ta faɗi, sai Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Birtaniya, zagayawa ta ƙasan Afirka kuwa tana cin watanni. Rundunar da ke Masar tana bukatar jirage, ba ta da hanyar samunsu. Sai aka tuna da hanyar Kano, wadda kamfanin Imperial Airways ya riga ya fara bi da wasiƙu daga Hartum tun 1936. Aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa tashar Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a ɗaure su a can, su tashi zuwa Legas, su kwana a Kano, su bi ta Maiduguri da Fallomi da Janaina da Fashir zuwa Hartum, sannan su gangara Nilu har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940: jirgin Blenheim guda mai ɗauke da masanin hanya a gaba, Hurricane shida suna biye da shi kamar kaza da 'ya'yanta. Kafin a rufe wannan aiki a 1943, jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Da yawa daga cikin matuƙan mutanen Poland ne da suka rasa ƙasarsu. Hazon hunturu da guguwar bazara da rairayin da ke cin inji sun kashe wasunsu a dajin da ke tsakanin Tafkin Chadi da Darfur.

Abu guda ya sa hanyar ta yiwu, kuma ya kamata ɗalibanmu su san shi. Nijar ta zauna a ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, amma gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Da bai yi haka ba, da babu inda jirgi zai sha mai tsakanin Maiduguri da Sudan. Shi kuwa wanda yake jiran jiragen nan a ɗaya ƙarshen, kwamandan rundunar sama ta hamada daga 1941 har bayan gumurzun El Alamein, ba kowa ba ne illa Arthur Coningham, mutumin da ya fara sauka a Kano. Ƙarshensa ma a jirgi ne: a watan Janairu na 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a teku kusa da Bermuda, ba a ga ko tarkacensa ba.

A Hendon akwai Kittyhawk ƙirar Amurka, an zana masa bakin kifi mai haƙora a hanci kamar yadda wata runduna ta hamada take yi, yara suna ta ɗaukar hoto a gabansa. Irinsa da yawa sun sha mai a Kano. Wani ne ya share filin da suka sauka, wani ne ya gangaro da duro-duron man daga tashar jirgin ƙasa, wani ne ya dafa wa matuƙan abinci, kuma waɗannan mutane Hausa da Kanuri suke ji. Ba a nan kaɗai hannunmu ya shiga ba. An tara kuɗi a Nijeriya, daga baitulmalin En'e da aljihun talakawa, don sayen jiragen yaƙi, har aka raɗa wa runduna ta 91, mai tuƙa Spitfire a gabar kudancin Ingila, sunan Nijeriya. An matsa wa manoma su ƙara gyaɗa. An kwashi dubban mutane daga ƙauyukan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos ta hanyar diban gwamna, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya a 1942, da yawa kuma sanyin tsauni da cuta suka kashe su. Duk wanda ya ce tarihin waɗannan jirage na Turawa ne su kaɗai, bai duba takardun ba.

Rumfar manyan jiragen jefa bam ta fi sauran duhu, kuma a ganina haka ya dace. A tsakiyarta Lancaster yake, baƙi wuluk daga ƙasa, faɗin fukafukansa mita 31, injuna huɗu na Merlin a jere. Wannan da ke nan ya je aiki sau 137 ya dawo, an kuma zana ƙananan bama-bamai a gefen hancinsa, kowane ɗaya tafiya guda. A ƙarƙashinsu ma'aikatansa sun rubuta alfaharin da Hermann Goering ya yi cewa babu jirgin abokan gaba da zai ratsa samaniyar Jamus, don izgili. Mutum bakwai ne suke shiga cikinsa, yawancinsu ba su wuce shekarun ɗaliban da nake koyarwa ba. Cikin kimanin mutum 125,000 da suka yi aiki a jiragen wannan sashe na rundunar, 55,573 ba su dawo ba. Ka tsaya a ƙarƙashin cikinsa, ƙofofin rumbun bam a buɗe, ka ga wani dogon rami mai tsawon mita goma wanda ƙaramar mota za ta shige. A nan ne na ji sha'awar ta fara gauraya da wani abu. Abin da ya fito daga irin wannan rami shi ne ya ƙone Hamburg a watan Yuli na 1943, inda mutum kusan 40,000 suka mutu, da Dresden a Fabrairun 1945, inda aka rasa kimanin 25,000.

Wannan ita ce tambayar da duk mai son tsofaffin jiragen yaƙi zai amsa, ko ya so ko bai so ba, kuma ta fi nauyi a kan wanda ya fito daga inda na fito. Mu ba mu san jirgin yaƙi daga kujerar matuƙi ba, daga ƙasa muka san shi. Mutanen Rann a Jihar Borno sun san shi a watan Janairu na 2017, lokacin da aka jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira. Mutanen Tudun Biri a Jihar Kaduna sun san shi a watan Disamba na 2023, lokacin da jirgi marar matuƙi ya faɗa wa taron Mauludi. Wanda ya yi jana'iza a waɗannan wurare yana da haƙƙin ya tambaye ni abin da nake yabawa a jikin Lancaster. Amsar da zan iya ba shi ita ce, ina yaba hannun da ya ƙera da hankalin da ya lissafa, kamar yadda muke rataye takobin kaka a zaure muna yaba maƙerin da ya yi shi, alhali mun san ba don yankan albasa aka yi shi ba. Amma yabon yana da sharaɗi: a faɗi abin da aka yi da shi, a kuma faɗi a kan wa. Gidan tarihin da ya goge jirgi ya yi ƙyalli ya kuma yi shiru game da waɗanda suke ƙasa, talla yake yi.

Shi ya sa abin da ya fi tsaya mini a rai a duk gidan ba jirgi ne mai ƙyalli ba. Can gefe guda akwai wani Halifax kwance a kan cikinsa, babu tayoyi, fatarsa ta yi ja, ƙarfensa ya lotsa. A watan Afrilu na 1942 ya tashi aikinsa na farko, harin jirgin ruwan yaƙin Jamus mai suna Tirpitz a ƙasar Norway. Aka harbe shi, wuta ta kama fuffukensa, matuƙin ya kwantar da shi a kan wani tafki da ya daskare. Dukkan ma'aikatansa suka fita da rai, shida suka tsere zuwa Sweden, ɗaya da ya ji rauni ya faɗa hannun Jamusawa, jirgin kuma ya narka ƙanƙarar ya nutse. A 1973 masu nutso suka ɗago shi. Masu kula da gidan suka yanke shawarar kada a mayar da shi sabo, a bar shi yadda ruwa ya bar shi. An yi ta gardama a kan wannan shawara tsakanin masoya jirage, ni kuwa ina tare da waɗanda suka yanke ta. Jirgin da aka sake wa fata da fenti yana nuna maka yadda ya fito daga masana'anta. Wannan yana nuna maka yadda yawancinsu suka ƙare. A cikin irin wannan jirgi ne wani ɗan Nijeriya, Akin Shenbanjo, ya yi aikin mai kula da na'urar sadarwa a runduna ta 76, abokan aikinsa kuma suka sa wa jirginsu laƙabi dominsa.

Sauran rumfar na bi ta da sauri: Vulcan mai fuffuke mai kusurwa uku wanda aka ƙera don ɗaukar makamin nukiliya, da Stuka na Jamus, ɗaya daga cikin biyu kacal da suka rage cikakku a duniya, da Sunderland mai sauka a kan ruwa, wanda girmansa ya kai gidan sama. Kowanne yana da masoyansa.

Da na fito na zauna a kan benci a farfajiya, sai tunanina ya koma gida. Ba za a ce ba mu ajiye komai ba. A gidan tarihin yaƙi na Umuahia akwai MiG-17 da Ilyushin 28 na zamanin yaƙin basasa, tare da jirgin ruwan yaƙi na NNS Bonny da makaman da injiniyoyin Biyafara suka ƙera da hannunsu. Waɗannan jiragen MiG ma ta Kano suka shigo: a watan Agusta na 1967 manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka sauke su a can a warware, aka ɗaure su. Wato sau uku ke nan, a 1925 da 1940 da 1967, Kano ta tsaya a tsakiyar tarihin jirgin yaƙi a wannan nahiya. A Zariya muna da kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964, shekarar da aka kafa rundunar sojan samanmu. A Kaduna an taɓa harhaɗa ƙaramin jirgin koyo mai suna Air Beetle. Amma na sha tambayar ɗalibai a aji wace shekara jirgi ya fara sauka a Nijeriya, kuma a ina, sai a yi tsit, wani ya ce Legas. Tsohon jirgi a wurinmu gawa ce da ake ja gefen fili ciyawa ta rufe, har ranar da 'yan gwangwan za su zo da zarto, ƙarfensa ya koma tukunya da ludayi. Ba na zargin mai tukunya, sana'arsa yake yi. Wanda ya sa hannu aka sayar masa a kan kilo shi ne abin tambaya.

Abin da ake bukata bai kai tsadar da ake zato ba. Rumfa guda mai rufin kwano a kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano ta isa a fara, domin busasshiyar iskar Arewa ta fi ta Umuahia tausayin ƙarfe. A sa L-29 guda da MiG guda da Air Beetle guda daga cikin waɗanda rundunar ta daina amfani da su, a buɗe cikin inji ɗaya yadda ɗalibin kimiyya zai ga fiston da bawul da idonsa. A nemi hotunan Kano da Maiduguri na zamanin hanyar Takoradi daga ma'ajiyar gidajen tarihi na Ingila, a rataye taswirar hanyar kusa da taswirar hanyar alhazai. A rubuta bayanin da Hausa da Ingilishi da ajami. A keɓe bango guda ga leburorin filin jirgi da mutanen diban gwamna, wani kuma ga Rann da Tudun Biri, da sunayen waɗanda suka rasu. Jami'o'inmu suna da sassan tarihi da na injiniya da za su iya wannan aiki tare. Abin da ba zai jira ba shi ne muryoyi: kanikawa da matuƙan da suka karɓi jiragen farko na rundunarmu a shekarun 1960 yanzu sun haura tamanin, suna zaune a Kaduna da Kano da Makurdi, kuma na'urar ɗaukar magana tana cikin aljihun kowane ɗalibi.